Katin Tasalla

Halliru Na-Burkusuma bai taɓa tsayawa gaban ma'aikaci ya rasa abin faɗi ba. Shekarun da ya yi yana dakon kaya da babur tsakanin Sabon Birni da ƙasar Nijar sun koya masa yadda ake bi da ɗan kwastan da jandarma da mai karɓar haraji a bakin kasuwa: akwai wanda ake sa wa dariya, akwai wanda ake rusuna wa, akwai wanda ake cusa wa abu a hannu ana kallon wani wuri. Amma ranar da likita a Sakkwato ya maƙala hoton ƙirjin matarsa Mairama a jikin fitila, ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan farin tabo, Halliru ya nemi miyau a bakinsa ya rasa.

Likita Abdulrauf Bayarabe ne, mutumin Ilori, ya daɗe a Sakkwato har Hausa ta zauna masa a baki. Tun ranar da ya ga tsagar Gobir a kumatun Halliru ya san ya sami abokin wasa, bai ƙara kiran sunansa ba.

"Bawana, matso kusa, ka daina raɓe-raɓe kamar wanda ya sato akuya."

"Kai dai Allah ya rufa maka asiri da farar riga," in ji Halliru. "Da kasuwa munka gamu, da kai za ka ɗauko mani kaya."

Likita ya yi dariya kaɗan, sannan ya koma kan hoton. Ya ce ciwon dajin da ke maman Mairama ana iya yankewa a cire, kuma mata da yawa sun tashi bayan an yi musu haka. Abin da ya tsayar da shi wannan tabon ne na huhu, can sama ta hannun dama. In tsohon tabo ne na wani tari da ta taɓa yi, to ba ruwansu da shi, za su shiga da ita aiki. In kuwa sabo ne, ciwon ya riga ya tsallaka ciki, wuƙa ba za ta ƙara mata komai ba sai azaba. Akwai gwajin da zai raba gardama, amma sai an kai ta gari mai nisa a shiga layi, kuma jikinta ba zai ɗauki hanyar ba balle jiran.

"An taɓa yi mata hoton ƙirji a baya? Ko shekara nawa ne. In na ga tabon nan a tsohon hoto, na gama magana."

"An taɓa," in ji Halliru, da sauri kamar mai tsoron a janye tayin. "Can ƙasar Isa. Za ni in ɗauko."

Ya sami Mairama a gadonta, 'yarsu Kausar tana yi mata fifita da murfin kwali. Ta rame har awarwaron hannunta yana zamewa zuwa gwiwar hannu, amma kanta garau yake, ya fi na kowa a gidan. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, hanyar Isa hwa?"

"Mutane na bi."

"Ana kuma ɗaukar su." Ta ɗan huta. "To, in ka je, da sunan wa za ka tambaya?"

Nan ya tsaya. Ya manta, ita ba ta manta ba.

A wancan lokacin suna zaune gida ɗaya da yayansa Lawwali, a wani ƙauye kusa da Kamarawa, kafin 'yan bindiga su tashe su. Asibitin da suke zuwa shi ne wanda ake ce wa Gindin Gawo, a gefen Isa. Yankar sabon kati a wurin aikin yini guda ne: layi tun hantsi, mai kati ya tafi salla, ya tafi cin abinci, a ce ka dawo gobe. Amma Tasalla, matar Lawwali, tana da kati, don tana karɓar maganin tarin da ya daɗe yana cin ta, kuma mai katin tari ba ya bin dogon layi. Halliru ne ya fara gano wannan ƙofa, shi da ba ya ganin shinge bai nemi inda ya faɗi ba. Daga nan katin Tasalla ya zama na gida, ya zama na unguwa. Mace ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, a kira Tasalla, ta amsa. Ba wanda ya ɗauke shi laifi. Kamar aron turmi ne, ko aron tsani.

Da tari ya kama Mairama wata damina, da katin nan ya kai ta. Aka ɗauki hoto, aka ce su dawo jin sakamako. Shi kuwa kaya na jiransa a Burkusuma, tarin kuma ya lafa da kansa, ba su koma ba.

"Da sunan Tasalla za ni tambaya," in ji shi.

"Allah ya jiƙan ta," in ji Mairama. "Ko a kabari ba mu bar ta ta huta ba."

Ya kwana a Sabon Birni, da safe ya bi ayarin motocin da ke fita tare, don yanzu ba mai bin hanyar nan shi kaɗai. Ba mai hira a motar. Kowa idonsa na kan daji, kan gonakin da ciyawa ta cinye, da rumbunan da suka zama baƙin toka. Halliru ya san kowace kwana ta hanyar nan, ya san inda da ake sayar da fura mai kyau, yanzu ko kaza babu. Suka isa lafiya, direba ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi, fasinjoji suka amsa kamar an idar da salla.

Gawon yana nan, asibitin ne ya tsufa. A ɗakin kati ya tarar da wani mutum mai suna Maliki, yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihun tebur. Halliru ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali, ya yaba sanyin ɗakin, ya ajiye goro a gefen tebur kamar ya manta da shi. Sannan ya ce fayil ɗin wata Tasalla yake nema, ta wajen Kamarawa, akwai hoton ƙirji a ciki.

"Kai ne mijinta?"

Halliru ya buɗe baki zai ce e.

"Tasalla ta Lawwali dai?" in ji Maliki. "Mai tari? Ai har gida na je ta'aziyya, kakata 'yar can ta. Kai ba Lawwali ba ne, sai dai kama."

"Ƙanensa nike."

"To Alhaji, fayil ɗin mamaci ba a ba ƙanen miji. Miji, ko ɗa. Kuma mi za ka yi da hoton wadda ta riga mu gidan gaskiya? Gado za a raba da shi?"

Halliru ya auna mutumin, ya ga ƙarya ba za ta yi tafiya a nan ba, ya faɗa masa gaskiya. Maliki bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya karkaɗe hannunsa, ya jefa goron a aljihu.

"Ku mutanenmu! Akwai wata a nan, a takarda ta haihu sau biyu cikin shekara guda, bayan an cire mata mahaifa. Jeka zo da Lawwali ya sa hannu. Amma in gaya maka tun yanzu, fayil ɗin wanda ya mutu ba ya zama nan. Ana kai su tsohon sito na baya, kuma ni ban shiga wurin. Akwai macizai."

Lawwali yana cikin garin Isa tun da aka tashe su, a wata rumfa bayan kasuwa, yana warware tsofaffin buhuna yana tufka igiya. Manomin da ke cika rumbu uku da gero, yau shi ne da zare a yatsan ƙafa. Rabonsu da haɗuwa tun ranar da suka watse daga ƙauye. Ba faɗa suka yi ba, kowa dai abin da ya dame shi ya ishe shi.

"Yaya, ina wuni."

"Wa nike gani awa Halliru? Hala ka yi ɓatan hanya, ko wani kaya anka kama maka?"

Halliru ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi. Lawwali bai ɗago ba har ya kai ƙarshen igiyar ya ƙulle. Sannan ya nemi takalmansa.

A hanya ne ya yi magana, ba tare da an tambaye shi ba, kamar abin yana bakinsa tun shekarun nan yana jiran kunne.

"Ban so in sake taka wurin ga. Su sunka ce ta warke. Mun zo karɓar magani, nas ta buɗe fayil tac ce sabon hoto ya nuna ƙirjinta fes, ta gama shan magani, mu tai gida mu gode Allah. Har kaza na yanka. Tasalla na cewa, ni hwa ban ji na warke ba, kuma ban tuna sun sake ɗaukata hoto ba. Nac ce mata ke kin fi likita sani? Damina ba ta zagayo ba ta fara aman jini."

Halliru ya ce Allah ya gafarta mata. Wani abu ya taɓa shi a ciki, ya ture shi gefe, don hankalinsa na kan sito.

Maliki ya karɓi sa hannun Lawwali, wato dangwalen babban yatsa, ya buɗe musu ƙofar siton ya koma nesa ya tsaya. Rufin ya ɓule ta kusurwa, ruwan damuna da yawa ya shiga ya fita. Fayil-fayil ne tuli har ƙugu, waɗansu sun manne sun zama kamar tubali, gara ta gina hanyoyinta a kansu. Maliki ya leƙo ya faɗa musu lambar katin, ya ce su nemi manyan ambulan masu ruwan ƙasa, su ne na masu tari. Halliru bai yi boko ba, amma lamba ba ta ɓace masa, ya karanta ta a jikin buhu da takardar kwastan fiye da yadda zai tuna. Tsofaffin nan biyu suka tuɓe riguna suka shiga ɗaga matattun mutane ɗaya bayan ɗaya, ƙura na shiga musu hanci, zufa na zuba. Lawwali ya kashe kunama da takalmi.

Rana ta karkata kafin Halliru ya ga lambar. Ambulan ɗin ya rage rabi. Takardun ciki gara ta mai da su gari, har da 'yan ƙananan da ake mannawa a kusurwar hoto a rubuta kwanan wata. Hotunan kansu ba abin da ya same su, gara ba ta cin roba. Guda uku ne, kowanne da lamba ɗaya a jikinsa, lambar Tasalla.

Ɗaya ƙarami ne, ƙirjin yaro, ko ɗan wa ne a unguwa, Allah masani. Suka ajiye shi. Saura biyu, duka na manyan mata.

Halliru ya fito da su waje ya ɗaga wa rana. Haƙarƙari ne fari-fari, da duhu a tsakani. Shekara talatin da wani abu yana kwana kusa da ƙirjin nan, ya san numfashinsa ko cikin barci, amma ga shi a hannunsa ya kasa cewa wannan ne. Sai dai a ɗaya daga ciki ya ga abin da ya zo nema: farin tabo, can sama ta hannun dama, daidai inda likita ya ɗora biro. Har ya fara cewa, "Yaya, ga shi!"

Maliki ya ce su bari mai ɗaukar hoto ya duba tukuna. Wani dattijo ne da injinsa ya daɗe da mutuwa, yana zuwa aiki ne kawai ya zauna a inuwar gawo. Ya sa tabarau, ya ɗaga hotunan bi da bi.

"Wannan mai tabo, tari ya ci ta sosai. Wannan kuwa huhunta lafiya lau, ko ɗigo babu. Ba mutum guda ba ne, kun dai yi halinku." Ya matso da mai tsabtar kusa da ido, ya yi 'yar dariya. "Amma a gaishe da maɗorin da ya yi wannan aiki. Dubi ƙashin wuyanta, wanda ya tafi kafaɗar hagu. Ta taɓa karyewa, ya ɗora shi a karkace."

Lawwali ya matso kusa da hoton.

Halliru ya san karayar. Shi ya yi ta. Suna dawowa daga suna a Gangara, Mairama a bayan babur da Kausar a goye, ya ce zai nuna mata yadda ake tsallake rairayi ba a sauka ba. Ta kare jaririyar da kafaɗarta. Har yau in hadari ya taso sai ta dafa wurin ta ce, ga babur ɗin Malam nan ya motsa.

"Tasalla ba ta taɓa karaya ba," in ji Lawwali, a hankali.

Ya karɓi hoton mai tsabta daga hannun dattijon, ya daɗe yana kallo, shi da bai san kan hoto da gindinsa ba.

"Wanga na sunka gani sunka ce ta warke."

"Yaya..."

"Bari. Ni na miƙa maka katin da hannuna, ta bisa katanga, ina cin tuwo." Ya mayar masa da hoton. Ya sa rigarsa a bai-bai, bai lura ba. "Ka gaida Mairama. Ka ce ina yi mata sannu."

Ya tafi. Halliru ya bi bayansa da ido har ya sha kwanar asibiti, bai waiwayo ba.

A motar komawa Halliru bai kalli daji ba. In sun so su fito su ɗauke shi. Lissafi yake yi irin na mutumin da ya saba wucewa da kaya ta gaban hukuma. Hoto biyu, lamba ɗaya, ba suna, ba kwanan wata. Likita tabo yake nema, ga kuma tabo a inda yake so. Wa ya san abin da Allah zai yi in an yanke ciwon? Likitoci ba su taɓa kuskure ba ne? Su ne fa suka ce Tasalla ta warke. Da ya kawo nan sai tunanin ya tsaya masa a wuya, ya koma farko ya sake ɗaukowa. Kafin su shiga Sakkwato ya zura hoton Mairama a bayansa, tsakanin riga da singileti, inda yake ɓoye takardun da ba ya so jandarma ya gani. Na Tasalla ya riƙe a hannu cikin leda.

"Bawana ya dawo!" in ji Likita Abdulrauf. "Na ce ko ɓarayin ma sun ga ba ka da amfani sun bar ka."

"Sun ce Bayarabe suke nema, mai tsoka."

Likita ya maƙala tsohon hoton kusa da sabon, ya kunna fitila. Ya ga tabon, har ya gyaɗa kai. Sannan ya sake dubawa. Ya matsa kusa, ya ja baya, ya sake matsawa. Biron nasa ya bar huhu ya hau sama, ya tsaya a kan ƙashin wuya: a sabon hoto a karkace, a tsohon a miƙe sambal.

"Bayan an ɗauki wanga ta karye," in ji Halliru, tun ba a tambaye shi ba.

Likita ya kashe fitilar, ya juyo, ya jawo kujera ya zauna har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.

"Baba Halliru." Bai taɓa kiransa haka ba. "Ranar da na fara duba ta na ga ƙashin nan, na tambaye ta. Ta ce mini daga babur ta faɗo, Kausar tana goye. Kausar ga ta can da 'ya'yanta." Ya dakata. "Da a ce ban lura ba, da na shiga da ita na yanka, ta tashi da rauni a ƙirji ga ciwo a huhu, ta ƙare kwanakinta tana kuka. Ba ka so mata haka ba, na sani. Akwai wani hoton?"

Halliru ya zauna kamar bai ji ba. Can ya sa hannu ta bayan wuya, ya zaro shi. Ya yi ɗumi, zufa ta jiƙa shi. Likita ya goge shi da hannun rigarsa ya maƙala, ya sake kunna fitila. Ƙashi ya yi daidai da ƙashi. Inda tabo yake a sabon, a tsohon babu komai, baƙi wuluk, lafiyayye.

Likita ya yi bayanin maganin rage zafi, da yadda za a riƙa ba ta, da abin da za su gani nan gaba don kada su tsorata. Halliru yana ta cewa to, to. Bai riƙe ko ɗaya ba, sai da aka kira Kausar aka maimaita mata.

Mairama ba ta tambaye shi komai ba da ya shigo. Fuskarsa ta duba, ta gyara kwanciya.

"Mu gani."

Ya ba ta. Ta ɗaga shi wajen taga da hannu biyu.

"Ashe haka nike da. Dubi babur ɗinka nan." Ta kusa yin dariya, tari ya hana ta. Da ya lafa ta ce, "Wancan na cikin leda hwa?"

"Na Tasalla na."

"Ka ga Yaya Lawwali?"

"Na gane shi. Yana yi maki sannu."

Ta dube shi, ta ga akwai saura, ta kuma ga ba zai iya faɗa yau ba. Ba ta matsa ba.

"Ka mai da mashi da abinshi. Ba shi da hotonta ko guda, dut sun ƙone." Ta rufe ido. "Ni kuma ka kai ni gida, Malam. Na gaji da warin wurin ga."

Da aka sallame su nas ta miƙo wa Kausar katin asibiti, ta ce a riƙe ko za a dawo. Mairama ta karɓa ta juya shi. Ba ta iya karatu ba, amma ta san sunanta ne a jiki, karo na farko a rayuwarta. Ta ba Kausar ta ce ta ƙulle a bakin zane, kada ta ba kowa.

Halliru ya riga su zuwa tasha don ya kama mata kujerar gaba, inda za ta iya miƙe ƙafa. Ɗan kamasho ya san shi tun zamanin babur, ya faɗi kuɗin da ya san za a yi rabin sa'a ana ja, ya gyara tsayuwa yana murmushi, yana jiran Na-Burkusuma ya fara. Halliru ya sa hannu a aljihu ya biya, ya je ya zauna a kan benci da ledar hotuna a cinya, yana kallon ƙofar da za su shigo.